Danny Trejo, Mugun Fim Mai Ceton 'Yan Ƙwaya

Ranar 5 ga Mayu, 1968, tarzoma ta ɓarke a gidan yarin Soledad da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ranar biki ce ga 'yan asalin Meziko, fursunoni sun cika fili, sai faɗa ya kaure. Ana cikin turmutsutsu dutse ya sami wani jami'in gidan yarin a ka. Aka ce wani saurayi mai suna Danny Trejo ne ya jefa shi. Aka tisa ƙeyarsa zuwa ɗakin horo, inda ake kulle mutum shi kaɗai. Yana dab da cika shekara 24 a duniya, kuma abin da ake raɗe-raɗin za a yanke masa shi ne kisa a ɗakin iska mai guba.

Duk wanda ya zauna a gidan kallo a shekarun 1990 ya san fuskar mutumin nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne mai doguwar suma da gashin baki da ya sauko, fuska duk ramuka da layuka, ƙirji ɗauke da zanen wata mata mai faffaɗar malafa. Yawanci yana cikin yaran bos, yana tsaye a gefe yana harara, kafin fim ya ƙare kuma an kashe shi. Mutane da dama sun ɗauka kwalliya ce aka yi masa don ya ba da tsoro. Ba kwalliya ba ce, rayuwa ce ta zana masa ita.

An haife shi ranar 16 ga Mayu, 1944, iyayensa 'yan asalin Meziko ne mazauna yankin Los Angeles, ya kuma girma a unguwar Pacoima. Mahaifinsa lebura ne a wajen gini, mutum mai zafin zuciya wanda ba ya sakar wa ɗansa fuska. Wanda ya ja shi a jiki shi ne baffansa Gilbert, ƙanen mahaifinsa, wanda shekara shida kacal ya ba shi. Gilbert ne ya koya masa dambe, shi ya nuna masa yadda namiji ke tsayuwa a titi ba ya ƙifta ido. Shi ne kuma ya miƙa masa tabar wiwi yana ɗan shekara 8, ya ɗanɗana masa hiroyin yana ɗan shekara 12, daga baya suka riƙa fashi da makami tare. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne har yau Trejo ba ya zagin baffan nan nasa. Yakan ce Gilbert ya koya masa abin da shi ma ya iya ne, kuma da bai koya masa ba da bai fita daga kurkuku da rai ba. Ƙwaya ce ta yi ajalin Gilbert.

Daga gidan horon yara aka fara, sai manyan gidajen yari, San Quentin da Folsom da Soledad. Kamun da ya kai shi ƙarshe ma abin mamaki ne: sukari ya ƙulla ya sayar wa wani a matsayin ƙwaya, ashe mai sayen jami'in tsaro ne a farin kaya. A San Quentin damben da baffansa ya koya masa ya yi masa rana, ya zama zakaran gidan a aji biyu na nauyi. Zanen ƙirjin nan ma a kurkuku aka yi shi. Wani abokinsa fursuna ne ya fara tsaga shi da allura, aka raba su, suka sake haɗuwa a wani gidan ya ci gaba, sai a gida na uku aka kammala.

Wata uku ya yi a ɗakin horon Soledad. Don kada hankalinsa ya gushe, sai ya riƙa kwaikwayon finafinan da ya gani yana yaro, shi ne wannan shi ne wancan, yana sauya murya shi kaɗai a tsakanin bango huɗu. A nan ya roƙi Allah. Bai roƙi a sake shi ba, don bai ga hanyar hakan ba. Roƙonsa shi ne idan za a kashe shi, ya mutu da mutuncinsa, kada ya shiga ɗakin kisa yana ihu yana roƙon mutane. Ya yi alkawarin zai riƙa ambaton sunan Allah kullum, zai kuma taimaki duk fursunan da zai iya taimaka wa. Da aka zo shari'a, babu fursuna ko ɗaya da ya yarda ya ba da shaida, tuhumar ta rushe. Tun watan Agusta na 1968 bai sake kurɓar giya ko taɓa ƙwaya ba. A 1969 aka sake shi.

Masu ba da labarinsa sukan tsallake shekara goma sha shida da suka biyo baya, alhali su ne ƙashin bayan labarin. Ya koma unguwar da kowa ke rufe ƙofa in ya hango shi. Ya fara da fitar wa tsofaffin maƙwabta kwandon shara ba tare da an sa shi ba, ya yi yankan ciyawa a gidajen mutane, ya yi leburanci. Daga nan ya zama mai ba masu shaye-shaye shawara, yana bin asibitocin masu son dainawa da gidajen horon yara da makarantu. Babu kyamara, babu kuɗin kirki, babu wanda ya san shi in ba waɗanda ke buga masa waya cikin dare ba idan jarabar ta motsa musu.

Irin wannan wayar ce ta shigo masa wani dare a 1985. Kamar yadda yake ba da labari, wani saurayi da yake kula da shi ne ya kira, ya ce hodar iblis ta yi yawa a wurin aikinsa, yana tsoron zai koma ruwa, ya zo ya zauna da shi. Trejo ya tashi ya tafi, yana zaton wani sito ne ko masana'anta. Ashe wurin ɗaukar fim ne, Runaway Train, labarin fursunoni biyu da suka tsere, wanda ɗan Rasha Andrei Konchalovsky ke ba da umarni. Wani ma'aikaci ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko zai iya fitowa a matsayin fursuna cikin taro. Ya ce zai gwada. Aka ba shi shuɗiyar rigar fursuna. Yana tuɓe tasa, wani dattijo ya hango zanen ƙirjin daga nesa ya taho.

Dattijon nan Edward Bunker ne, ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, shi ma tsohon fursunan San Quentin wanda ya zama marubucin littattafai. Ya tuna ya taɓa kallon damben Trejo a can. Ya ce suna neman wanda zai koya wa jarumi Eric Roberts dambe, dala 320 a rana, amma ya sani yaron yana da rawar kai, zai iya kai masa naushi na gaske. Trejo ya ce a kan wannan kuɗin ko sanda ce a ba shi ya doke shi da ita, ai an sha dukansa kyauta. Konchalovsky ya ga yadda Roberts ke nutsuwa a hannunsa, sai ya ce shi ne ma zai fito abokin karawarsa a zoben dambe. 

Shekarun da suka biyo baya ko suna ba a ba shi a fim. A jerin sunayen ƙarshe sai ka ga an rubuta fursuna na ɗaya, ko ɗan daba na biyu. Da wani ya ce masa ana takura shi a matsayi guda, na mugun ɗan Meziko mai zane a jiki, sai ya ce ai shi ne ɗin. A ganina wannan rashin girman kai ne ya raya shi a sana'ar da ke cinye masu jiran sai an ba su jarumta. Ɗan wasa irinsa kamar gishiri ne a miya, ba shi ake kira ba idan ana yabon girki, amma a cire shi a ji. Minti uku zai yi a fim, mai kallo ya yarda cewa haɗarin da jarumi ke ciki na gaske ne.

Sanin kurkuku ya kuma tsare masa rai. A farkon shekarun 1990 an nemi ya fito a American Me na Edward James Olmos, fim a kan wata ƙungiyar 'yan daba ta gidajen yarin Kalifoniya. Ya karanta labarin ya ga an ƙara abubuwan da shugabannin ƙungiyar za su ɗauka cin mutunci ne, sai ya janye. Bayan fitowar fim ɗin a 1992 an kashe wasu daga cikin waɗanda suka ba da shawara wajen shirya shi. Shi kuwa ya shiga Blood In Blood Out na 1993, wanda ya mayar da shi cikin San Quentin, wannan karon da yamma a buɗe masa ƙofa ya tafi masauki.

Shekarar 1995 ce ta ɗaga shi. A Desperado ya fito mai jifa da wuƙaƙe, bai furta kalma ko ɗaya ba, amma mazauna garin da ake ɗaukar fim ɗin a ƙasar Meziko suka riƙa yanyame shi. A wurin ne shi da mai ba da umarni Robert Rodriguez suka gano ashe 'yan uwa ne na jini. A Heat kuma ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Robert De Niro. Michael Mann, wanda ya shirya shi, ya san baffansa Gilbert tun lokacin da ya ɗauki wani fim a cikin Folsom, sai ya bar wa ɗan fashin da Trejo ya fito a matsayinsa sunan gidansu. Daga nan sai From Dusk Till Dawn da Con Air da Anaconda. A talabijin ya yi Sons of Anarchy, ya kuma yi Breaking Bad, inda aka ɗora kansa a bayan kunkuru yana tafiya cikin hamada, fitowar da masu kallo ba su manta ba.

Yawan mutuwar nan tasa a fim ba tsautsayi ba ne. Sharaɗi yake kafawa: idan mugu zai fito, to dole mugun ya mutu ko ya ƙare a kurkuku. Ba ya son yaro ya kalle shi ya ga ɗan daba ya tsira da kuɗi da mace. Wata ƙidaya da aka fitar a 2020 ta nuna an kashe shi sau 65, fiye da kowane ɗan wasa. Sunan da fim ya ba shi kuma yakan kwashe shi ya kai makarantu da gidajen yari, domin ya lura yaran da ba sa sauraron malami sukan yi tsit idan mutumin Con Air ya shigo. Bai bar aikin ba da shawara ba ko bayan ya yi suna.

Rodriguez ya ba shi matsayin baffa mai ƙera na'urori a Spy Kids a 2001, yara suka san shi ta fuskar da ba ta tsoro ba. A 2010, yana da shekara 66, ya ja fim a karon farko a matsayin jarumi, wato Machete, De Niro kuma yana cikin masu mara masa baya. Fitowarsa a fim da talabijin ta haura 400.

Ba waliyyi ba ne, shi ma bai ce shi ne ba. A littafin tarihinsa na 2021 ya amsa cewa ya daina ƙwaya da wuri amma ya daɗe bai daina cutar da matan da ya aura ba, aure huɗu duk sun mutu. Biyu daga cikin 'ya'yansa sun faɗa shaye-shaye, mutumin da ya ceto 'ya'yan wasu ya riƙa bin lungu yana neman nasa, har Allah ya sa suka daina. Ɗan baffansa Gilbert kuma ya shiga kurkuku yana da shekara 17, ya shafe shekara 38 a ciki. Trejo ya yi ta sintiri wajen mahukuntan jihar a kan batun waɗanda aka ɗaure tun suna yara, har ya ga fitowarsa.

A watan Agusta na 2019 motoci biyu suka yi karo a unguwar Sylmar, ɗaya ta kife. Trejo, ɗan shekara 75, yana kusa. Ya rarrafa cikin motar ya tarar da ƙaramin yaro mai lalura ta musamman a ɗaure a kujerarsa, kakarsa kuma ta maƙale a gaba. Hannunsa bai kai ga maɓallin bel ɗin ba, sai wata budurwa ta shiga ta ɗaya ɓangaren ta ɓalle shi, shi kuma ya jawo yaron waje. Yaron ya firgice yana neman kakarsa. Trejo, wanda ya saba aiki da irin waɗannan yara, ya riƙe shi ya juya masa baya ga motar, ya ce su nuna ƙarfinsu irin na jaruman fim. Suka yi ta ɗaga damtse suna ihu tare har 'yan kwana-kwana suka fito da kakar da ranta.