Kanun Amsa da Amanar Ma'ajiyar Wucin Gadi a Intanet

Manhajoji irin su Nginx da Varnish kan tsaya a matsayin wakili tsakanin mai ziyarar shafi da uwar garke. Sukan adana kwafin shafi domin miƙa wa masu zuwa daga baya. Abin da ke sanar da wakili iyakar hurumin nan shi ne kanun da ke tafe da kowace amsa, musamman Cache-Control, wanda ƙa'idar RFC 9111 ta 2022 ta fayyace.

Umarnin s-maxage=600 yana ba wakili damar riƙe shafi na daƙiƙa 600, wato minti 10. Shi kuwa private ya keɓe ajiya ga burauzar mutum ɗaya, yayin da no-store ya haramta ta ɗungurungum. Ruɗanin yana ga no-cache, domin bai hana ajiya ba, sharaɗinsa shi ne a nemi tabbacin uwar garke kafin a miƙa kwafin.

Sakaci a nan yana da tsada. Ranar 25 ga Disamba, 2015, kuskuren ajiya a dandalin wasanni na Steam ya bayyana wa baƙi bayanan mutum kimanin 34,000. Saboda haka, wajibi ne duk shafin da ke ɗauke da sirrin wani ya fito da private ko no-store.