Sanƙarau: tsoron da ke hana zuwa asibiti

Idan hunturu ya kama, iska ta taso da ƙura, hanci da maƙogwaro suka bushe, to, lokacin sanƙarau ya zo. Daga watan Janairu har saukar ruwan farko, ƙasarmu tana cikin haɗarinsa. A shekara ta 1995 ya kama mutane fiye da dubu 40 a Nijar. A 2015 ya dawo, ya kama fiye da dubu 8, sama da 500 suka rasu. Yamai ce ta fi jin jiki, har gwamnati ta rufe makarantun birnin cikin watan Afrilu.

A waccan shekara mutane da yawa sun sake jiki, domin an yi musu allurar rigakafi tun daga 2010. Amma ƙwayar sanƙarau iri-iri ce. Allurar 2010 ta irin da ake kira A ce, wanda ya zo a 2015 kuwa C ne. Da aka gane haka, sai hankali ya tashi. Iyaye suka yi cincirindo a ƙofar shagunan magani suna neman allura, ga ta kuma ta yi ƙaranci.

Wannan tsoro da sauƙi, tunda magani yake nema. Wanda ya fi ɓarna shi ne na cikin gida. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, wuyansa ya sage, ba ya son haske. Idan ya fara suma, sai a ce iska ce, a rufe shi cikin ɗaki, a shiga turare da rubutu. Addu'a ba ta hana magani, ƴan'uwa. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda ya kama suna iya mutuwa. Cikin waɗanda suka tashi ma, akwai masu kurumcewa. Ga jariri, wuya ba ya sagewa kullum: a duba maɗiga, in ta kumbura kuma ya ƙi nono, a tafi da shi.

Wasu kuma allurar baya suke gudu. Sun ji ana cewa likita yana zuƙe ruwan jikin mutum, ya bar shi gurgu. Ɗan ruwa kaɗan ake ɗiba daga gadon baya don a ga ƙwayar da ke ciki, jiki kuma yana mayar da shi.

Malaman asibiti su ma mutane ne, suna da ƴaƴa a gida. Sun san cutar tana bin tari, atishawa da yawu, ga masu zama dab da juna a ɗaki marar iska. Rufe hanci da baki, da wanke hannu, da buɗe tagogi suna rage musu haɗari. Bayan kwana ɗaya da fara allurar magani, majinyaci ba ya cika yaɗa cutar ba. Amma a ganinmu, babban aikin malamin ƙauye shi ne kada ya ɗauki kowane zazzaɓin rani a matsayin na cizon sauro. Ya taɓa wuyan yaro, ya fara magani nan take, ya kuma aika labari ga likitan gunduma a ranar. Da waɗannan rahotanni ake ƙidaya masu ciwo kowane mako, a san garin da za a fara kai wa allurar rigakafi.