Mai Gadin Da Ke Riƙe Da Makullin Kowane Ɗaki

A watan Yunin 2016 Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a rukunin Project Zero na kamfanin Google, ya fallasa wasu ɓarakoki a manhajojin antibairos na Symantec da Norton. Abin da ya tayar da hankalin masana shi ne, ba sai mai kwamfuta ya taɓa komai ba. Da zarar gurɓataccen fayil ya iso ta imel, manhajar da kanta za ta kwance shi don ta bincika, a wajen kwancewar nan kuma umarnin maharin ke samun kafar shiga ya fara aiki.

Matsalar tana cikin aikin antibairos ɗin kansa. Ita ce manhajar da aka ɗora wa buɗe duk abin da ya shigo, mai kyau da maras kyau, kuma an ba ta iko mafi girma a kan na'ura don ta iya yin hakan. Symantec ma a wancan lokacin a can cikin zuciyar Windows take kwance wasu fayilolin, inda kuskure ɗaya ke miƙa wa mahari kwamfutar ɗungurungum. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, to wannan tsagewar a ɗakin mai gadi take, shi kuwa makullin kowane ɗaki na rataye a wuyansa.

A Maris 2017 kamfanin Cybellum na Isra'ila ya nuna wata dabara da ya kira DoubleAgent. An yi amfani da Application Verifier, wani kayan gwaji na Microsoft da ke nan tun zamanin Windows XP, aka cusa baƙon umarni cikin Avast, Kaspersky, McAfee, ESET da wasunsu, har su koma yi wa mahari aiki. A ganina an ɗan zuzuta wannan, tunda sai mahari ya riga ya samu ikon shugaban na'urar kafin dabarar ta yiwu. Wadda ta fi ban tsoro ita ce ta watan Mayun shekarar, lokacin da Ormandy da Natalie Silvanovich suka gano irin ɓarakar Symantec a injin Windows Defender. Microsoft ta toshe ta cikin 'yan kwanaki.

Saurin toshewar nan shi ya kamata ya dame mu a nan gida. Gyaran yana zuwa ne ta hanyar sabuntawa, mu kuwa da yawanmu antibairos na sata mai gyara ke loda mana a shago, sannan ya kashe sabuntawar don kada kamfani ya gano. Wasu kuma tsadar data ke sa su kashewa. Irin wannan kwamfutar tana nan da tsohuwar ɓarakarta, wadda tuni aka wallafa bayaninta a intanet.

Mai karatu, buɗe manhajarka ta antibairos yau ka duba ranar da aka sabunta ta ƙarshe. In ta sata ce, cire ta ka bar Defender da ya zo da Windows kyauta.