Darasin da Zai Isa Belbeji: Wace Manhaja Za a Zaɓa?

Wanda ya taɓa hawa mota daga Damagaram ya nufi arewa a hanyar Agadas ya san yadda waya ke yi a tafiyar. Kafin a wuce matatar mai ta SORAZ, wajen Bakin Birji, rezo na nan daram. Daga nan sai ya riƙa zuwa yana ɗaukewa har a shiga Tanut, kusan kilomita 150 daga Damagaram. In kuwa aka bar kwalta aka yi yamma zuwa Belbeji, wadda aka yanke daga Tanut ta zama gundumar kanta a 2011, akwai wuraren da sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu sama kafin saƙo ya fita. Duk mai niyyar shirya darasin horo ta intanet don mutanen wannan yanki na Damargu, ya kamata ya yi wannan tafiya kafin ya buɗe kwamfutarsa.

Buƙatar horon kam ba ta ɓuya ba. Malaman lakwal na kwantaragi, masu sa-kai na kiwon lafiya a ƙauyuka, mataimakan likitan dabbobi da ke bin makiyaya wajen Tenhiya da Tarka, masu gyaran famfon hasken rana, shugabannin ƙungiyoyin mata, kowa ana son ya ƙaro sani. Hanyar da aka saba ita ce a tara su a Tanut ko Damagaram kwana uku ko biyar, a biya kuɗin mota da masauki da kuɗin zama, a raba takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Abin yana cin kuɗi, ga shi da damina ba mai barin gonar geronsa. Shi ya sa ƙungiyoyi da ma'aikatu suka fara cewa a zuba darasin a waya. Sai a juya wajen saurayin da ya fi kowa sanin kwamfuta a ofis a ce da shi: wace manhaja za mu saya?

A cikin tambayar nan akwai ruɗani, domin abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai manhajar da ake ƙera darasi da ita, inda ake haɗa rubutu da hoto da murya da tambayoyi. Wannan maƙera ce. Akwai kuma dandalin da ake ajiye darasin, mai koyo ya shiga da sunansa, a ga wanda ya karanta, da wanda ya ci jarrabawa, da wanda ya gudu. Wannan rumfar kasuwa ce da littafin lissafinta. Articulate Storyline da iSpring Suite da Adobe Captivate da H5P maƙeru ne. Moodle da Google Classroom da Kolibri rumfuna ne, ko da yake Moodle na da ƴar maƙera a bayan rumfarsa. Tsakaninsu akwai ƙa'idar da ake kira SCORM, wadda wani sashe na ma'aikatar tsaron Amurka ya fitar a shekara ta 2000. Aikinta irin na tiya ne a kasuwar hatsi: in darasi ya fito da wannan awo, kowace rumfa da ta san awon za ta karɓe shi.

Masu tsadar ba zan daɗe a kansu ba. Suna da kyau, ba musu. Amma kuɗin Articulate 360 na shekara guda ga mutum ɗaya ya haura dala 1,000, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wato fiye da jikka 500. Ana biya ne da katin banki, kuma shekarar da ba a biya ba maƙerar ta rufe. Storyline da iSpring sai a kwamfuta mai Windows. Rise 360 na Articulate kuwa ba a ƙera komai da shi sai da intanet a kunne. An yi su ne don ma'aikacin kamfani da ke zaune gaban babban allo, wutar lantarki ba ta yanke masa. Haka su Teachable da Thinkific da Udemy: shaguna ne na sayar da darasin bidiyo ga mai katin banki. Ɗan Tanut da ke son sayar wa ƴan birni ko mazauna ƙetare darasin ɗinki ko na Larabci zai iya cin moriyarsu, amma ba su ne za su horar da ungozoma a Gangara ba.

Abin da ya fi dacewa da Damargu ya fito ne daga hannun wani wanda shi ma ɗan daji ne. Martin Dougiamas, wanda ya ƙirƙiro Moodle, ya tashi a hamadar yammacin Ostareliya, inda makaranta ke da nisan ɗaruruwan kilomita. Ta rediyo ya yi karatun firamare, malami na magana daga nesa, jirgin sama na kawo takardu lokaci zuwa lokaci. Da ya girma ya fitar da Moodle a 2002, ya bar shi kyauta, kowa na iya ɗauka ya gyara. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne manhajarsa ta waya: mai koyo zai iya sauke darasi ranar da ya shigo gari ya samu rezo, ya koma ƙauye ya yi karatunsa ba intanet, har ya amsa tambayoyi in malami ya buɗe wannan damar. Ranar da ya sake samun rezo, amsoshin su tafi da kansu. Sai dai kyauta ba ta nufin ba wahala. Moodle na buƙatar kwamfutar da za ta riƙe shi dare da rana, da mutumin da zai riƙa kula da ita. In babu wannan mutum, wata shida ya isa rumfar ta zama kango.

Akwai kuma dabarar kawo rumfar gaba ɗaya cikin ƙauye. Wani malami a ƙasar Suwizalan ya haɗa MoodleBox, wato Moodle a cikin Raspberry Pi, ƴar kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba. Ita da kanta take watsa wayafai a cikin ɗaki, mutum kamar ashirin su haɗa wayoyinsu, ba mega ko ɗaya da za a kashe, kuma ƙaramin batir da farantin hasken rana sun ishe ta. Kolibri, wanda ƙungiyar Learning Equality ta fitar a 2017, tun asali don wuraren da babu intanet aka gina shi. Na'ura na iya kwasar darasi daga wata na'ura, kuma cikin harsunan da ake iya juya allonsa zuwa gare su akwai Hausa da Fulatanci. Yana kuma barin mai koyo ya shiga da sunansa kawai, ba sai da kalmar sirri ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gida da yawa waya ɗaya ce, ta maigida, matar da ake son horarwa aro take yi. Manhajar da ta ce sai kowa ya kawo adireshin imel nasa, kamar Google Classroom da ke neman asusun Google, ta kori rabin ajin tun a ƙofa. Laifin Kolibri guda shi ne wurin da ake tsara darussansa, Kolibri Studio, yana kan intanet. Mai tsarawa sai ya zauna inda rezo ke da ƙarfi.

Ta ɓangaren maƙera, H5P da aka ƙirƙiro a Norwe ya wadatar, kuma Moodle da Kolibri duka suna karɓar abin da aka ƙera da shi. Da manhajar Lumi, ita ma kyauta, ana iya ƙera shi a kwamfuta ba tare da intanet ba. Malaman da suka yi jami'a da Faransanci wataƙila sun fi sabawa da Opale, wanda ya samo asali daga jami'ar fasaha ta Compiègne a Faransa. Yana da kyau ga darasi mai yawan rubutu.

To, a nan ne gizo ke saƙa: rubutu. Damargu ƙasa ce ta harsuna da yawa, Hausa da Barbarci da Buzanci da Fulatanci da Larabci, kuma manya da dama ba su karanta boko, balle Faransanci. Wasu ajami suka iya, wasu Buzaye tifinag. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka zartar ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma ɗaga harshe a takarda bai sa manhaja ta iya shi ba. Kafin a amince da kowace, a rubuta mata "ƙaiƙayi", "ɗanɗano", "ɓarawo", "ƴaƴa", a duba a tsohuwar waya ko haruffan sun fito ko sun koma akwatuna. A gwada layi guda na ajami a ga ko ya tafi daga dama zuwa hagu. Mafi muhimmanci, a duba ko kowace tambaya da kowace amsa za a iya maƙala mata murya, yadda wanda bai iya karatu ba zai danna ya ji. Mu ɗauki darasin gane tamowa da ma'aunin dantse mai launi uku. Hoto ne na hannun yaro, da murya mai cewa in awo ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya likita. Sai a nuna hotuna uku a ce mai koyo ya taɓa wanda ya kamata a kai. Ba a buƙaci harafi ko ɗaya ba, kuma darasin ya cika.

Murya tana da wata fa'ida, ta aljihu. Magana ta minti goma irin ta saƙon murya ba ta cika wuce mega biyu ba. Bidiyo mai kyan hoto na minti goma yana iya cin mega ɗari. Ko layin Airtel mutum yake riƙe da shi, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, kuɗin megan daga aljihunsa zai fita, ban da kuɗin caji a rumfar mai faranti. Mai tsara darasi da ke zaune kan wayafan ofis a Yamai ba ya jin wannan ciwo. Ni a ganina duk darasin da ya wuce mega goma, sai mai shi ya kawo hujja.

Wani zai ce, to me ya hana a tsaya ga WhatsApp, tunda kowa ya iya shi? Magana ce mai ƙarfi. Cibiyar RECA, mai haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar, ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma ta kiran waya da saƙon murya na WhatsApp da Hausa da Zabarmanci, kuma manoma na turo hoton tsutsa ko ganyen da ya lalace a faɗa musu magani. Don tambaya da amsa, babu kamarsa. Amma ba ya riƙe aji. Darasi na uku yana nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa, wanda ya shigo daga baya bai san inda zai fara ba, kuma ba yadda za a san wa ya saurara har ƙarshe. In horon na da takardar shaida a ƙarshensa, dole a sami littafin lissafi a wani wuri. Abin da ya fi, darasi ya zauna a Moodle ko Kolibri, hira da tunatarwa su zauna a WhatsApp. Sannan kowane darasi a fitar da shi a matsayin murya ko ƙaramin bidiyo da za a zuba a katin memori, saboda masu ƙaramar waya mai maɓallai, waɗanda har yanzu ba su da kaɗan a rugage da ƙauyuka.

Jihar Damagaram ta riga ta ga gwajin da ya kamata a tuna. A 2009 da 2010, ƙungiyar Catholic Relief Services tare da masu bincike, cikinsu har da Jenny Aker ta jami'ar Tufts, sun gudanar da shirin yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. A wajen rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar waya, mutum biyar na tarayya a kan guda. Waɗanda suka samu wayar sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Abin lura shi ne ba wata manhaja ta musamman a cikin wayoyin, kuma ba su maye gurbin malami ba. Malami na nan, aji na nan, waya ta ba mutane dalilin ci gaba da taɓa haruffa bayan an tashi. Don haka a kasafin kuɗi, kafin layin manhaja, a sa layin mutumin da zai zauna da masu koyo sau ɗaya a mako a ƙarƙashin rumfa, ya kira wanda ya ɓace.

Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma zai iya sauƙaƙa wa ofishin magajin gari ko cibiyar horo sauke darussa. Amma faifan yana kan rufin ofis ne, ba ya bin makiyayi mashaya.

Saura tambayar da ba a cika yi ba sai an makara: ranar da kuɗin shiri suka ƙare, darasin na wa? An sha ganin aikin da aka yi shekara biyu ana naɗar muryoyi da fassara, ƙungiya ta tattara ta tafi, kuɗin hayar dandali ya ƙare, kalmar sirri kuma tana hannun wani da ya koma wani aiki. Tun ranar farko a tambayi mai sayarwa, ko mai ba da kyautar: zan iya fitar da darasina gaba ɗaya, da jerin sunaye da sakamako, in kai wani wuri? In amsar ta zo da kwana-kwana, a bar shi. Muryoyi da hotuna na asali a ajiye su daban a faifai biyu, ɗaya a ofishin da ke Tanut ko Belbeji, ba a Yamai kaɗai ba. Sunayen masu koyo da lambobin wayarsu kuwa amana ce, a san wanda ke iya ganinsu.

Gwajin ƙarshe ba ya cin ko dala. A ƙera darasi ɗaya tak, na minti biyar, da manhajoji biyu da ake shakka a tsakaninsu. A zuba a wayar Android mafi tsufa da za a samu a ofis, mai fasasshen gilashi da cikakken ciki. A kai ta Tarka ranar kasuwa, a kashe intanet ɗinta, a miƙa wa mutum biyar daga cikin waɗanda aka yi darasin dominsu, uku mata. Wanda ya ƙera darasin ya koma gefe ya zauna, ya kama bakinsa, ya riƙa rubuta duk inda yatsa ya tsaya.