Hannun Jariri a Cikin Akushi: Yaye Tsakanin Al'ada da Binciken Zamani



Wataƙila wani zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da abincin jarirai, alhali ga likitoci cike da Zariya. To, kalma ce ta jawo ni, watau kalmar "yaye". Ina so in nuna cewa yadda muka fahimci wannan kalma yana da hannu a cikin ƙibar 'ya'yanmu da ramarsu.

Ma'anar Yaye

A wurin Bahaushe yaye aikin rana ɗaya ne. Idan yaro ya doshi shekara biyu, sai a sa rana, a karɓo masa rubutun sha, a shafa wa nono wani abu mai ɗaci, a kai shi gidan kakarsa ya yi kwanaki har ya manta. Wa'adin nan na shekara biyu yana da tushe a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ya nuna haka iyayenmu suka riƙe shi.

Su kuwa masana lafiya, yaye a wurinsu doguwar tafiya ce. Tana farawa ran da jariri ya ɗanɗani abin da ba nono ba, tana ƙarewa ran da ya bar nono. Mu mun tsare ƙarshen tafiyar da biki da addu'a, amma farkonta ba mu ba shi ko suna ba. A nan ne kuwa haɗarin yake.

Dalili shi ne, nonon uwa kaɗai yana wadatar da jariri har wata 6, ba ya bukatar ko ruwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 2001. Daga nan sinadarin ƙarfe mai gina jini, wanda aka haife shi da shi, yakan fara ƙarewa, nono kuma ba ya cike giɓin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Galibin wannan tsumburewa tana samun yaro ne kafin ya cika shekara biyu, kuma da wuya a maido abin da ya rasa.

Sabon Tsari daga Ingila

Wata ma'aikaciyar lafiya a Ingila, Gill Rapley, ta yaɗa wani tsari wanda za mu iya kira "yaye bisa jagorancin jariri", ta kuma fitar da littafi a kansa tare da Tracey Murkett a 2008. Ga yadda yake. Idan jariri ya kai wata 6, yana iya zama da kansa, wuyansa ya tsaya, yana kai abu baki, sai a zaunar da shi tare da iyali lokacin cin abinci. A sa masa abinci mai laushi, an yanka shi kamar tsawon yatsa don ya iya damƙa. Uwa ce ke zaɓen abin da za a ajiye, shi ke zaɓen abin da zai ɗauka da yawan da zai ci. Nono kuma yana nan yadda yake.

Tunanin ya girmi littafin. Tun a 1939 wata likita a Amurka, Clara Davis, ta ba da rahoton yara 15 da aka bari suna zaɓen abincinsu daga cikin iri fiye da 30, suka kuwa tashi lafiya. Sai dai a lura, duk abin da ta ajiye musu mai gina jiki ne. Yaro ba ya zaɓen abin da babu shi a gabansa.

Babban tsoron iyaye shi ne shaƙewa. Masana a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyuzilan sun bi jarirai sama da 200, suka buga sakamako a 2016 da 2017. Sun tarar masu ci da hannunsu ba su fi masu shan cokali shaƙewa ba, girmansu kuma bai bambanta ba. Amma fa an riga an koya wa iyayen irin abincin da za su guje wa, an kuma umarce su su sa abu mai gina jini da abu mai maiƙo a kowane ci.

Abin da Muke da Shi a Gida

Da na karanta wannan, sai na tuna wani gida a nan Tukur-Tukur inda nakan je gaisuwa. Wata rana ana cin tuwo, wani jariri ɗan wata 8 ya rarrafo ya tsoma hannu a akushi. Uwar ta yunƙura za ta janye shi, sai kakar ta ce, "Ƙyale shi, 'yar nan, hannunsa ya san hanyar bakinsa." Ashe abin da Bature ya rubuta a littafi, tsohuwa ta daɗe da saninsa. Da hannu muke ci, a ƙasa muke zama, tare muke ci, tuwonmu kuwa ba ya bukatar haƙori.

Amma kada mu yi saurin yabon kanmu. A gidajenmu ne kuma ake ɗura, inda akan kwantar da jariri a cinya, a tara hannu a bakinsa, a riƙa zuba koko, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya haɗiye. Koko yakan iya bi ta hanyar numfashi ya faɗa huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari, har ma ajali. Ban da haka, yaron da aka saba yi wa ɗura yakan tashi yana gudun abinci.

Aibi na biyu shi ne tsinkakken koko. Cikin jariri ɗan wata 6 bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Idan aka cika shi da kamu da ruwa, yaro zai ƙoshi alhali bai ci kome ba. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, ban da nono, a ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini daga wata 6 zuwa 8, sau 3 ko 4 daga wata 9 zuwa shekara biyu, kuma ya zama mai kauri, wanda ba ya zubowa daga cokali.

Aibi na uku shi ne yayen gaggawa saboda kwanika. A 1933 likita Cicely Williams ta bayyana wata cuta a ƙasar da yau ake kira Gana, ta yaran da aka mayar kan kunun masara zalla. Sunan da mutanen Ga suka ba ta, kwashoko, yana nufin ciwon yaron da ƙanensa ya ture. Mu tamowa muke cewa. Yaron da ya saba cin abinci da hannunsa tun yana wata 6, ko an raba shi da nono ba zato, yana da abin dogara.

Yadda Za a Haɗa Biyun

Ba sai an sayi abincin gwangwani ba. Abin da ake bukata yana nan Kasuwar Tudun Wada: dafaffen dankali da kabewa, gwanda da ayaba, dafaffen ƙwai, alale, hanta mai laushi, kifin da aka cire wa ƙaya, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko ta zogale. A ɗebar wa yaro nasa kafin a zuba gishiri da yaji da dunƙule, a ɗiga masa manja ko man gyaɗa. Kunu ma ba a hana shi ba, amma a dama shi da kauri, da gyaɗa ko waken suya, a miƙa da cokali, in ya kau da kai a dakata. A kuma zuba masa a kwanonsa, domin a akushin taro manyan yara kan riga shi, uwa kuma ba za ta san abin da ya ci ba.

Sharuɗɗan tsaro kaɗan ne. A wanke hannunsa da na mai ba shi da sabulu, domin hannun mai rarrafe shi ne hanyar gudawa. Ya ci a zaune, babba yana kallonsa. A nisantar da shi daga gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, guguru, alewa da dabino mai ƙwallo. Kada a ba shi zuma sai ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. A kuma bambance kakari da shaƙewa. Mai kakari yana tari da ƙara, yana turo abincin da kansa, wannan koyo ne. Wanda ya shaƙe kuwa shiru yake yi, numfashi ya ɗauke. A kifa shi a kan hannu, kai ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa, a garzaya asibiti. Bakwaini da yaro marar lafiya ko mai rama, sai an nemi shawarar likita tukuna.

Kammalawa

Jama'a, mafi yawanku maza ne, kuma a gidan Bahaushe maigida ne ke cefane. Ƙwai ɗaya ko yankin hanta da zai shiga kwanon jariri, daga aljihunku zai fito. Ku ɗalibai kuma, idan kun je hutu, ku zauna da kakanninku cikin ladabi, ku yaba musu barin yaro ya ci da hannunsa, sa'an nan ku roƙe su a bar ɗura. Ranar da jariri ya cika wata 6 ta cancanci kula irin wadda muke ba ranar da za a kai shi gidan kaka.

Allah ya raya mana zuriya.