Katherine Grainger: Azurfa uku kafin ta kai ga zinare

A ranar da aka yi wasan ƙarshe na tseren kwale-kwale na mata huɗu a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, 'yan Birtaniya ne ke gaba kusan tun daga farko. Sai da aka kusa isa layin ƙarshe, 'yan ƙasar Sin suka zo suka wuce su. Katherine Grainger, wadda ke cikin jirgin Birtaniya, ta karɓi lambar azurfa tana hawaye. Karo na uku ke nan a jere da ta zo ta biyu a Olamfik.

An haifi Katherine a 1975 a birnin Glasgow na yankin Sikotilan. Ba ta taso da wannan wasa ba. Sai a 1993, da ta shiga Jami'ar Edinburgh karatun lauya, ta fara riƙe filafili.

Tseren nan ya bambanta da na kwale-kwalen da ake gani a bikin kamun kifi na Argungu. Jirgin siriri ne, dogo, mara nauyi. Mai tuƙi yana zama a kan kujera mai zamewa gaba da baya, ya juya wa inda za shi baya, ya tura da ƙafafu sannan ya ja filafili da hannu. Tsawon tseren mita 2,000 ne. In ɗaya a cikin jirgin ya saɓa wa sauran ko da kaɗan, gudun jirgin zai ragu.

A Sidni a 2000 ta samu azurfar farko, kuma murna aka yi, domin matan Birtaniya ba su taɓa cin lambar Olamfik a wannan wasa ba kafin nan. A Atina a 2004 ita da Cath Bishop suka sake zuwa na biyu, bayan 'yan Romaniya. Ta Beijing ce ta fi ciwo, saboda jirginsu ya riga ya zama zakaran duniya a 2005 da 2006 da 2007, kowa na sa ran zinare. A lokacin shekarunta 32, kuma da yawa daga cikin 'yan wasa a nan suke ajiye filafili.

Ita kuwa sai ta koma atisaye. A 2010 aka haɗa ta da Anna Watkins a jirgin mutum biyu, suka ci gasar duniya a 2010 da 2011. A watan Agustan 2012, a tafkin Dorney da ke kusa da Landan, suka riga kowa isa layi a gaban 'yan ƙasarsu. Shekara 12 bayan lambarta ta farko, Katherine ta samu zinaren da take nema.

Bayan hutun shekara biyu ta sake dawowa. A Rio a 2016, tana da shekara 40, ita da Victoria Thornley suka ja gaba har kusan ƙarshe kafin 'yan Polan su wuce su da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ta haka ta tara lambobi biyar a gasannin Olamfik biyar a jere, ban da kambun duniya shida. A Rion ne kuma Najeriya ta fara samun wakilci a wannan wasa, ta hannun Chierika Ukogu.

Duk tsawon shekarun nan Katherine ba ta bar karatu ba. Bayan digirin farko ta yi na biyu a Jami'ar Glasgow, sannan ta kammala digirin digirgir a fannin shari'a a King's College da ke Landan a 2013. A 2017 aka naɗa ta shugabar UK Sport, hukumar da ke raba kuɗi ga 'yan wasan Olamfik na Birtaniya, a 2020 kuma ta zama uwar Jami'ar Glasgow.

Ɗalibin da ya faɗi darasi ɗaya a WAEC, ko makinsa na JAMB ya gaza da kaɗan, ya san irin zafin da ta ji a Beijing: an kusa, amma ba a kai ba. A irin wannan lokaci ne wasu ke cewa sun haƙura da karatu gaba ɗaya. Katherine sai da ta jira shekara huɗu cur kafin ta sake gwadawa. Ɗalibi kuwa, shekara mai zuwa za a sake buɗe masa rajista.