Turmin Kaka da Gicciyen Dutse

A gidaje da yawa akwai tsohon turmi da ya tsage, an daina daka a ciki, amma ba mai yarda a faskara shi a hura wuta, don na kaka ne. Sai a kife shi a gindin bango ya koma wurin zama. Irin riƙon da mutanen Ingila ke yi wa gicciyen dutsen da kakanninsu suka kafa a harabar coci ke nan. Siffar ma ta yi kama: matakala, a kanta ƙaton dutse mai rami a tsakiya, sai dogon ginshiƙi da aka zura a ramin kamar taɓarya a tsaye cikin turmi, kan gicciyen kuma can ƙoli.

Yawancinsu an kafa su ne tsakanin ƙarni na 10 da na 16. A gindinsu ake wa'azi, nan ake shela, nan jerin gwanon masu ibada ke tsayawa ranar Lahadin Dabino. Talakan da aka binne ba dutse a kabarinsa, wannan gicciye ɗaya shi ne shaidarsa, shi da maƙwabtansa duka.

Hukumar Historic England ta ƙiyasta cewa a da sun haura 12,000, yau ba su kai 2,000 ba. Ruwa da iska sun ci nasu rabon, amma hannun mutane ya fi ɓarna. A rikicin addini na ƙarni na 16 da na 17 aka sassare kawunansu, a 1643 ma majalisar dokoki da kanta ta ba da umarnin rushe su. Wasu kututturan aka ɗora musu farantin auna lokaci da inuwa. Gicciyen ƙauyen Ruthwell a Sikotilan an farfasa shi a 1642, sai a 1823 limamin cocin, Henry Duncan, ya harhaɗa gutsattsarin ya tsayar da shi.

Yanzu wata doka ta 1979 ce ke kare waɗanda aka yi wa rajista: ba gyara, ba matsarwa, ba tono a gindi sai da izinin gwamnati, wanda ya keta kuma kotu ce za ta raba shi da gwamnati. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ba ta raina guntu ba. Gicciyen Bewcastle a Ingila ba shi da kai, amma yana nan tsaye inda aka kafa shi shekara sama da 1,200 da suka wuce. A ganina sun yi daidai, domin sabon dutse ko na gobe ana iya sassaƙawa, wannan kuwa in ya tafi ba mai dawo da shi.